Musayar baitoci: Sallar Ikko da ta gida

Bakanon Agege:
Sallah ta zo, ga ni a Ikko zaune,
Kuɗin mota ya bar aljihu a ƙone,
Amma Hawan Daushe namu ne, ku gane,
Tun zamanin Rumfa hawa namu ne.

Bazazzagin Mile 12:
Mai Daushe, ina dokin? Ban gan shi ba,
Danfo ka hau zuwa idi, ba ingarma ba,
Leƙa Ijebu-Ode kwana uku bayan babba,
Ojude Oba ake, dawakinsu ba su san Kano ba.

Hajiyar Idi-Araba: Kai! Zazzau ta yi magana. Bakano, je ka sha ruwa.

Bakanon Agege: Hajiya, ai mun sani, mijinki Bazazzagi ne.
Mai tallan albasa, wa ya tambaye ka?
UNESCO a shekarar 2024 hawan Kano ta sa a kundinta, ba naka,
Ran Takutaha Dala ma ta gagare ka,
Wane doki ne zai yarda ya ɗauke ka?

Malam Na-Obalende: Tsaya, ɗana. Ɗangonka na biyu ya fi cunkoson Oshodi tsawo. Karin ya karye, amsa-amo kaɗai ka tsira da shi.

Bakanon Agege: Allah gafarta Malam, shekarar ce ta ƙi shiga ma'auni. In jefar da hujja saboda kari?

Malam Na-Obalende: Jefar. Mai hujja ya rubuta wasiƙa. Nan waƙa muke.

Bazazzagin Mile 12: Gaya masa, Malam!

Malam Na-Obalende: Kai ma rufe baki. "Ba" da "ba" da "ba" ka jera, wannan ba gwaninta ba ce, lalaci ne.

Hajiyar Idi-Araba: Ku bar Malam ya huta, ga nawa:
Ku masu doki, wa ya aje wutsiya?
Ta ragon layya, a shanya ta bushe lafiya,
Goma ga Muharram ta shiga tukunyar miya,
Wanda bai ƙoshi ran cika-ciki ba, sai shekara ta juya.

Bazazzagin Mile 12:
Hajiya, wutsiyarsa ba ta kai Muharram ba,
Ragon da ya taya a Alaba Rago bai biya ba,
Kuma kuɗin sharata na bara bai ba ni ba.

Malam Na-Obalende: Ya sake "ba" ɗin nan! Kuma ƙwar uku a zauren ƙwar huɗu. Ina ɗango ɗaya ya tafi?

Baushin Daura, Apapa: Afuwan, sai yanzu na sauka daga tirela.
Kuna ta Daushe, kun manta Sallar Gani,
Watan Mauludi Daura ke cika da baƙi, ku sani,
Shekarar Hijira na gaza ta Bature da kwana 11, lissafi ne ba zato na wani,
Shi ya sa sallah kan faɗo damina, ta faɗo rani.

Malam Na-Obalende: Inna lillahi. Wani ma ya kawo lamba.

Bakanon Agege: Bazazzagi, kuɗin shara na taubasai ne. Yaushe babanka ya zama kawuna?