Kwana nawa ya kamata mu yi a Zanzibar idan daga Maraɗi za mu tashi?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tafiya. Ina son in kai maiɗakina da yarinyarmu ƴar shekara huɗu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya mu huta a otal na bakin teku. Shago zan bar wa ƙanena, kuma ba na son in wuce kwana 12 daga fitata gida zuwa dawowata. Mai sayar da tikiti ya nuna mini tsari uku: kwana 4, kwana 7 da kwana 10. Wanne ya fi dacewa? Ba na son mu sha wahalar hanya mu dawo ba mu ga komi ba, kuma ba na son in biya kuɗin ɗaki muna zaune muna kallon juna. Allah shi saka da alheri.

Alhaji na Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komi, koma wurin mai tikitin nan ka tambaye shi: kwanakin da ya faɗa, dare ne ko yini? Otal dare yake ƙirgawa. Galibinsu sai wajen ƙarfe 2 na rana suke ba da makulli, kuma ranar fita ƙarfe 10 ko 11 na safe suke son ɗakinsu. Ranar sauka da ranar tashi duk ba naka ba ne. Abin da aka rubuta "kwana 4" sau da yawa dare 3 ne, cikakken yini 2 kacal.

Yanzu mu ƙirga kwana 12 ɗin naka. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, kar za ta ci maka yini guda ta Ƙonni da Doso, kuma ba a shiga kar ranar da jirgi zai tashi. Rana ta farko ke nan. Rana ta biyu ka hau jirgi. Babu mai zuwa Zanzibar kai tsaye daga Yamai. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta Adis Ababa, wajen awa 5 zuwa 6 a sama, ka yi jira, sannan wani jirgin na kusan awa 3. Ka ɗauka sai rana ta uku za ka taka filin jirgin Zanzibar, wato Abeid Amani Karume. Dawowa ma haka: rana ta 10 ka bar tsibirin, ta 11 kana Yamai, ta 12 kana gida. Abin da ya rage a tsakiya dare 7 ne, cikakken yini 6. Kwana 10 a can bai shiga lissafinka ba sam, sai dai ka ƙara wa ƙanenka kwanaki a shago.

Ana iya bi ta Ɗan Isa da Jibiya a hau jirgi a Kano, ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma zai iya rage maka yini. Amma ka duba ranakun jirgin da kyau a kowane ɓangare, don ba lallai ne kowace rana akwai wanda zai haɗu da na Zanzibar ba. Ranakun jirgi su ne ke yanke yawan darenka, kai kuma ka daidaita otal a kansu. Kar ka biya ɗaki kafin ka riƙe tikiti.

Dalilin da ya sa ba na son ka ɗauki ɗan gajeren tsarin nan shi ne kuɗi. Tikiti, biza, inshora da kuɗin kar duk sau ɗaya ake biyan su, ko dare 3 ka yi ko dare 7. A ce, misali kawai, sun tashi miliyan ɗaya da rabi na sefa. Raba shi gida 3: kowane dare ya ci jika 500 tun ba ka biya ɗaki ba. Raba shi gida 7: wajen jika 214. Shi kuwa ƙarin dare, idan ɗakin yuro 100 ne, wajen jika 66 ne, tunda yuro ɗaya wajen sefa 656 yake ba ya motsi. Wanda ya riga ya biya babban kuɗin, ƙaramin bai kamata ya hana shi cin moriyar tafiyar ba.

Shawarata dare 7, amma kar ka yi su a wuri ɗaya. Dare 5 a bakin teku, dare 2 na ƙarshe a cikin tsohon gari, wato Stone Town. Sa shi a ƙarshe don filin jirgi na kusa da shi, tafiyar minti 15 zuwa 20, alhali daga Nungwi a arewa awa ɗaya da rabi ce a mota. Wanda jirginsa na asuba ne kuma yana Nungwi, tsakar dare zai tada iyali.

Sai takardu, don su ma suna cin kwanaki. Fasfon Nijar na cikin waɗanda Tanzaniya ba ta buga musu biza a filin jirgi. Sai ka nema ta intanet, su duba a can su amince, kuma suna shawartar a nema wata 2 kafin tafiya. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai zuwa daga ƙasarmu, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma, duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar hukumar tsibirin, dalar Amurka 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar a hannu.

Malam Ɗan Gulbi:

Lissafin Alhaji daidai ne, amma ni ina ganin ya cika kwana 12 ɗin maƙil, bai bar wurin numfashi ba. Jirgi ɗaya ya yi latti a Adis Ababa, ko jaka ta maƙale a can, komi ya rushe, kuma daren otal da ka biya ba ka kwana ba ba a maido maka kuɗinsa. Ni dare 6 zan ce: 4 a teku, 2 a gari, ka ajiye yini guda a Yamai wajen dawowa. Yarinya ƴar shekara huɗu da ta kwana a jirgi, ka sa ta kar ta awa 10 washegari, ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma a faɗi gaskiya, abubuwan da ake zuwa gani ba su da yawan da za su cika mako biyu. Tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yini ɗaya ya isa a zaga lungunansa, a ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, a shiga kasuwar Darajani, da magariba a je Forodhani inda ake gasa kifi da nama a bakin ruwa. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru rabin yini ne, kwale-kwale wajen rabin awa. Gonakin kayan ƙamshi rabin yini, inda za a ɓare maka ɓawon kirfa daga jikin itace, a nuna maka kanumfari da masoro tun suna ɗanye. Dajin Jozani mai jajayen birai, shi ma rabin yini. Ka ga yini 2 da rabi zuwa 3 ke nan. Sauran na hutu ne, kuma mutumin da ya saba da kasuwa, daga yini na uku na zaman banza waya yake komawa bugawa yana tambayar ciniki.

Kar ka jera fita kullum. Yinin farko kar ka sa komi a ciki. Agogonsu ya riga namu da awa 2, ga gajiyar hanya, jiki ba zai yarda ya tashi ƙarfe 6 don kwale-kwale ba. Bayan nan, yau fita, gobe zama. Abin da ke lalata wa mutane tafiya shi ne su biya duk yawon tun daga gida, sai iska ta tashi ko yaro ya yi zazzaɓi, babu ranar da za a ɗaga shi zuwa gare ta.

Wani abin lura: idan direba ko mai kwale-kwale ya faɗa maka lokaci da Swahili, ka sake tambaya. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. "Saa mbili" na safe, wato awa ta biyu, ƙarfe 8 ne a agogonka. Bambancin awa 6 ne cif. Sa shi ya nuna maka a waya.

Hajiyar Bagalam:

Sannunku Alhaji da Malam. Ɗana, ni abin da zan ƙara shi ne yawan kwanan ya danganta da gefen tsibirin da otal ɗin yake, kuma wannan masu tikiti ba su cika faɗa ba.

A gabas, irin su Paje, Jambiani, Kiwengwa da Matemwe, teku na janyewa sau biyu a yini ya koma can nesa, wani wurin fiye da kilomita guda. Za ka fito da safe ka tarar da inda ka ga ruwa jiya ya zama farin yashi jiƙaƙƙe, kwale-kwale kwance a gefe guda, mata sun sunkuya tsakanin turaku da igiyoyi suna gyara ciyawar tekun da suke nomawa. Abin sha'awa ne a gani, amma babu wanka sai ruwa ya dawo. Lokacin cikar ruwan kuma kullum yana yin latti da kusan minti 50 a kan na jiya. Wanda ya yi dare 3 kawai yana iya faɗawa kwanakin da ruwan ke cika da asuba da kuma bayan magariba, tsakiyar yini duk yashi ne. Wanda ya yi dare 5 zuwa 7 dole ya samu kwanakin da cikar ta faɗo da hantsi ko la'asar. Janyewar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15, don haka duba kwanan watanmu na Musulunci kafin ka tsaida rana. A Nungwi da Kendwa a arewa ruwan ba ya tafiya nesa haka, ana shiga kusan kowane lokaci. Idan kwananka kaɗan ne, arewa za ka.

Ga yarinya kuwa, gabas ta fi kwanciyar hankali, don ruwan ba zurfi. Sai dai a saya mata takalmin roba mai rufe ƙafa, ku ma haka, saboda akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale cikin duwatsu, ƙayarta na karyewa cikin tafin ƙafa. Kar ranar Maraɗi ta sa ku raina ta can: iskar teku na ɓoye zafinta, farin yashi na maido da ita fuska. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 a zauna inuwa. A kwana cikin gidan sauro, a tafi da maganin zazzaɓi da na gudawa na yara bisa shawarar likita, kuma ruwan gora kaɗai za a sha.

Batun abinci shi ma yana taɓa yawan kwana. Tsarin da ake cewa komi na ciki, an saka kuɗin giya a farashinsa, kai kuma ba sha za ka yi ba. Nemi mai karin kumallo da abincin dare. Ranakun fita ai a waje za ku ci na rana. Mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne, masallatai ko'ina, shinkafa da kifi da nama ba wuya. Amma miyar kwakwa da kayan teku sukan gundiri bakin da bai saba ba daga kwana na huɗu, don haka maiɗakinka ta ƙulla yaji da ɗan kilishi cikin roba mai murfi. Kar ta sa a leda, Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019. Ta kuma tambayi otal tun kafin a biya ko bakin ruwansu na da gefen da ba cunkoso, don a Nungwi da Kendwa Turawa sun yi yawa da irin shigarsu. Matar da ba ta sake da wurin ba, ɗaki za ta zauna, dare 5 ya zame mata kamar wata.

Ɗan Mokoyo:

Na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Na fi karkata ga dare 6 kamar yadda Malam ya ce, 4 a teku 2 a gari. Sai dai mai tikitin ya ce Afrilu ya fi araha sosai. In ɗauka, ko in jira Agusta?

Alhaji na Sabon Gari:

Arahar na da dalili. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ba irin ruwanmu ba ne da zai zuba awa ɗaya gari ya washe. Yana iya wuni yana yi, ya kwana, kwale-kwale ba su fita, wasu otal ma rufewa suke su yi gyara. Da dare 6 a Afrilu kana iya rasa rabinsu. Idan dole sai lokacin, to sai ka ƙara dare 2 ko 3, ka ga arahar ta tafi, kwana 12 ɗinka ma bai isa ba.

Daga Yuni zuwa Oktoba ne rani mai sanyi-sanyi, sai dai iskar kudu na kaɗawa a gabas, kuma Yuli da Agusta ne Turawa ke hutu, ɗaki na tsada yana ƙarewa da wuri. Tunda yarinyar ba ta shiga lakwal sosai ba, nemi Satumba ko farkon Oktoba, kafin ƙaramar damina ta Nuwamba. Ka tsara daren garin nan biyu su kama Juma'a, ka samu jam'i, ka yi sayayyar kanumfari da kirfa a Darajani da safe kafin a tafi masallaci.

Sefa ba ta canzuwa a can. Canza tun daga nan zuwa dalar Amurka ko yuro, sabbin takardu marasa yagewa, don tsofaffin dala ana ƙin karɓarsu, sannan ka mayar da wani abu shilin a gari don tasi da kasuwa. Ka kuma tambayi otal a rubuce ko harajin da gwamnati ke karɓa kan kowane mutum a kowane dare yana cikin farashin da suka ba ka, don da yawa sai ranar fita suke kawo shi daban.