Gilaida da Hausa: ni dai na tsaya a kan ƙiyashi

Jama'a salamu alaikum. Jiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida nan Samaru na buɗe laftof ina gwada wani abu a Golly, manhajar nan da ake kunna Wasan Rayuwa na John Conway da ita, sai ƙanina ya leƙo yace Yaya wannan ɗan abin da yake tafiya a karkace me sunansa, nace masa gilaida, yace a'a da Hausa nake nufi. Wallahi shiru nayi. Shekara nawa ina wasa da abin nan ban taɓa neman sunansa da harshenmu ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ka ɗauka allon dara ne da ba shi da iyaka, kowane gurbi ko rayayye ko matacce, kuma kowanne yana da maƙwabta 8. Rayayye in maƙwabtansa rayayyu 2 ne ko 3 ya ci gaba da rayuwa, in ba haka ba ya mutu, matacce kuma in rayayyu 3 cif suka kewaye shi sai ya rayu. Shikenan dokar, duk sau ɗaya da aka zartar da ita a kan allon gaba ɗaya shine taku ɗaya. Conway yana Kambirij ta Ingila ya tsara shi, Martin Gardner ya fito da shi duniya a mujallar Scientific American a Oktoba 1970. Shi gilaidan gurbi 5 ne kacal, duk taku 4 yana komawa kamanninsa na farko amma ya gusa gurbi ɗaya ta kusurwa, haka zai ta tafiya in babu abin da ya tare shi.

Da safe na kai maganar wajen wani malaminmu da muke haɗuwa a teburin mai shayi, nan take yace shirwa, tunda a wajen Turawa gilaida jirgin nan ne mara inji da yake shawagi. Nace Allah gafarta Malam, shirwa a sama take tana lilo a iska, wannan ko duba shi, a ƙasa yake yana mutsu-mutsu, ya karkata nan ya karkata can. Na rage gudun manhajar na juya masa fuskar laftof, ya daɗe yana kallo kofin shayi a hannu. Kuma asalin sunan ma akwai lissafi a ciki, duk taku 2 abin yana zama kamar hoton kansa a madubi wanda aka ɗan gusar. Shi kansa Conway daga baya ya nuna da ma bai sa masa wannan suna ba, da ya gan shi yana motsi a kwamfuta sai yaga yafi kama da tururuwa tana tafiya. To mu da muka zo daga baya me zai sa mu ɗauko sunan da mai shi ma bai gamsu da shi ba?

Wani abokina yace harsashi, saboda bindigar da Bill Gosper da mutanensa na jami'ar MIT ta Amurka suka gano a 1970, wadda ta ci kyautar dala 50 da Conway ya sa, gurbi 36 ce tana fitar da gilaida ɗaya duk taku 30. Hujjarsa ba banza bace amma ba duka ne daga bindiga suke fitowa ba, kuma harsashi da gudu aka san shi, wannan ko kafin ya ci gurbi 100 sai yayi taku 400. Ni ƙiyashi na zaɓa. Ƙarami ne, baya gajiya, yana bin layi, kuma yana ɗauke da kaya. Don kayan ne ma ake gina da'ira irin ta cikin kwamfuta da shi, in ya iso a lokacinsa a karanta 1, in wajensa babu kowa a karanta 0, layi biyu su gitta juna su kashe juna sai ka samu ƙofar lojik, wato ɗan tubalin da kwamfuta take lissafi da shi, da irin haka har Paul Rendell ya gina injin Turing, wato samfurin kwamfuta na 'yan lissafi, a cikin wasan a 2000.

Inda muka fi daɗewa shine sunan ƙiyashin da ba a so. Duk wanda ya taɓa haɗa da'ira ya san shi. Akwai wani tsari mai gurbi 7 da ake kira Herschel, shi ake turawa ta hanyoyin da su David Buckingham suka ƙera don kai saƙo, to a taku na 21 sai ya saki ƙiyashi ɗaya ko kana so ko baka so. Wani lokaci kayi amfani da shi, yawanci ko dole ka kashe shi. Ni makon jiya na manta da guda ɗaya, ina can ina kallon ɓangaren da nake gyarawa ashe shi yana ta tafiyarsa a hankali, sai da ya je ya taɓa ɗan murabba'in da yake riƙe ƙarshen bindigata, kafin in tsayar da manhajar bindigar ta tarwatse tarkacen ya ci layin da ke kusa, aikin dare biyu. Zuciyata ta sosu sosai. Kuma kashe shin ma da hatsari in wajen a matse yake, ƙadangaren bakin tulu kenan.

Malam yace a ce ɓataccen ƙiyashi. Nace ai abin da ya ɓata shi ake cigiya, wannan babu mai nemansa. Ƙanina yace mai sakin layi, ya min daɗi a kunne amma in aka duba bai taɓa sakin layinsa ba, miƙe yake sak, mu ne bamu shirya masa ba. Sai na tuna kiwon sake, akuyar da ba a ɗaure ba da damina, ita bata da nufin ɓarna amma in ta faɗa gonar mutane shikenan. Don haka ƙiyashin sake, kishiyarsa kuma ƙiyashin aike. Malam ya maimaita sau biyu a bakinsa yace ya zauna.

Turkensa kuma, akwai wani tsarin daban mai gurbi 7 da yake zaune baya motsi, ƙiyashi ya zo ya haɗiye shi cikin taku 4 ya koma yadda yake, ƙugiya kawai zamu ce, kamanninsa kenan, Turawan ma da ƙugiyar kifi suke kwatanta shi. Sai dai a kula, dole ta zauna daidai kan layin, ka gusar da ita gurbi ɗaya tana iya rushewa ita ma. In sau ɗaya tak ƙiyashin zai zo murabba'i mai gurbi 4 ma ya isa, su ɓace tare in an saita daidai.

Saura bindiga, don ƙiyashi baya fitowa daga bakin bindiga. Malam yace rami, ni ina ganin gidan ƙiyashi. 'Yan sashen Hausa na ABU da 'yan lissafi da kwamfuta, don Allah ku sa baki a kan wannan ɗin, ranar Asabar nake son fara nuna wa yaran layinmu kuma bana so in koya musu suna biyu.