Mabiya na ƙaruwa, masu karatu na raguwa: in ƙaura ne ko in gina shafina?

Mai_Kallon_Taurari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san cikin harkar intanet.

Rubutu nake yi kan ilimin taurari: husufin rana da na wata, dalilin da ya sa Zahra take fitowa wani lokaci da asuba wani lokaci da magariba, da makamantansu. A ɗaya daga cikin manyan shafukan sada zumunta nake wallafawa, kuma rubutun nawa yana da ɗan tsawo. A da in na saka abu, kafin dare tambayoyi sun taru har ba na iya amsa su duka. Yanzu adadin mabiyana ya fi na wancan lokacin, amma tsit kake ji. Har akwai wanda ya tambaye ni ko na daina rubutu ne, alhali yana cikin mabiyana kuma ban yi fashi ba. In kuwa na haɗa da adireshin wani shafi na waje, to wannan rubutun ya mutu tun kafin a haife shi.

Wasu sun ce in koma Threads ko Bluesky, wani ya ambaci Mastodon, wasu kuma sun ce zamanin rubutu ya wuce, in kama gajeren bidiyo kawai. Ku me kuka gani?

Tsohon_Gizo ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, ba rubutunka ne ya lalace ba. Ma'anar bin mutum ce aka canza ba tare da an yi shela ba.

Lokacin da Facebook ya fito da jerin labarai a 2006, abin da abokanka suka saka shi kake gani. Twitter ma haka, na baya-bayan nan a sama, tsoho a ƙasa. Sannu a hankali aka ɗora algoridim a tsakani, wato lissafin da na'ura ke yi don zaɓar abin da za ta nuna maka. Instagram ya bar jerin lokaci a 2016. Amma ko a sannan, zaɓen yana gudana ne a cikin mutanen da kai ka ce kana so. TikTok ne ya rushe wannan. Tun da kamfanin ByteDance ya haɗe shi da Musical.ly a 2018, ya nuna wa duniya cewa ba sai ka bi kowa ba: buɗe manhajar kawai, ita za ta lura da inda ka tsaya, inda ka wuce da sauri, abin da ka maimaita, ta ci gaba da ɗura maka. Sauran suka ga mutane na ƙarar da sa'o'i a can, sai kowa ya kwaikwaya. Instagram ya fito da Reels a 2020, YouTube ya fito da Shorts, duka na gajeren bidiyo. A tsakiyar 2022 Mark Zuckerberg da bakinsa ya gaya wa masu hannun jari cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na abin da mutum ke gani a Facebook daga waɗanda bai bi ba ne, kuma suna sa ran adadin zai ninka kafin ƙarshen 2023. Da Twitter ya buɗe wani ɓangare na lissafinsa a 2023, shi ma ya ce kusan rabin abin da ke babban jerin daga waɗanda ba ka bi ba yake zuwa.

To ka ga wurin da rubutunka yake samu a da, yanzu kokawa yake yi a kansa da bidiyon duk duniya. Batun adireshin waje kuwa ba sai an yi dogon bincike ba. Talla ce abincinsu, tallar kuma sai kana cikin manhajar za ka gan ta. Wa zai yi murna da wanda ke nuna wa baƙinsa ƙofar fita?

Ni abin da ya fi damuna ma ba raguwar masu karatu ba ne. Ina rubutun naka yake zaune? MySpace ya taɓa zama gagarau a shafukan sada zumunta, News Corp ya saye shi dala miliyan 580 a 2005, bayan shekara shida aka sayar da shi kusan dala miliyan 35. A 2019 suka sanar cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora na shekaru masu yawa sun salwanta wajen sauya sabar, wato kwamfutocin da ke ajiye bayanan shafin. Yahoo ya rufe GeoCities, inda mutane ke gina shafukansu kyauta, a 2009. Vine, mai bidiyon daƙiƙa shida, ya tafi a farkon 2017. Google+ da duk ƙarfin Google ya rufe a 2019. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, masu miliyoyin mabiya suka wayi gari ba su da kowa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Shawarata: ka sayi adireshin shafi da sunan da kake so, ka ɗora manhajar gina shafi ta WordPress ko wani abu mai sauƙi irinta, duk rubutu ya fara sauka a can. Ka sa wurin da mai so zai bar imel ɗinsa. Imel tsohon abu ne, ya girmi yanar gizo kanta, amma ba shi da mai shi. In kamfanin da ke aika maka saƙonni ya canza hali, ka kwashi jerin sunayenka ka kai wani. Gwada kwasar mabiyanka daga inda kake yanzu ka ga ko za a ba ka.

Zinariya ta amsa:

Yaya Tsohon_Gizo, tarihin nan naka daidai ne, amma maganin da ka bayar ina da ja a kai. Mutumin nan kukan rashin masu karatu yake yi, kai kuma ka tura shi inda ba kowa.

Shafin kai a da yana rayuwa ne da abu biyu: masu bi ta RSS, wato hanyar da ke kai wa mai bi sabon rubutun shafi kai tsaye, da masu zuwa daga bincike. Na farkon ya yi rauni tun da aka rufe Google Reader, manhajar karanta RSS, a 2013. Na biyun kuma shi ne ake yanka yanzu. Tun Mayun 2024 Google ya fara saka amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike. Wanda ya tambayi me ke kawo husufin wata zai samu amsarsa a nan take, ba zai gangara ya nemi shafin Malam ba. Wasu ma ba sa zuwa Google ɗin, ChatGPT suke tambaya. Irin rubutun Malam, mai bayanin abin da aka riga aka sani a kimiyya, shi ne na farko da na'urar ke haɗiyewa.

Sannan ku masu son tsohuwar intanet kuna magana kamar algoridim mugu ne kawai. Ni ta hanyarsa na samu masu koyar da abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba. A tsarin da, wanda ya riga ya tara jama'a shi ke ƙara tarawa, sabon shiga kuwa sai ya shekara yana magana shi kaɗai. Yanzu wanda ya buɗe asusu jiya zai iya kaiwa ga dubban mutane in abinsa ya yi kyau.

Malam Mai_Kallon_Taurari, fanninka fa na ido ne. Ƙwallo biyu da tocila sun isa ka nuna yadda inuwar duniya ke faɗawa kan wata cikin minti ɗaya, abin da zai ci maka sakin layi biyar. Ni dai na ce ka gwada bidiyon.

Sabar_Kaina ya amsa:

Bari in taɓa ɓangaren ƙaura tunda ba wanda ya amsa shi, kuma ina amfani da biyu daga cikin ukun.

Threads na Meta ne. Ya fito a Yulin 2023, ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar saboda ya jingina da Instagram. Jama'a akwai, amma mai gidan ɗaya ne da na Facebook, kuma da talla zai rayu. In ka koma can, ɗaki ka canza.

Mastodon daban ne. Eugen Rochko ya fara shi a 2016, kuma ba shafi ɗaya ba ne, dubban sabar ne masu zaman kansu da ke magana da juna ta ƙa'idar ActivityPub, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo saƙo. Jerinka na bin lokaci ne, babu talla, adireshin waje ba ya jawo maka komai. In ka ɓata da masu kula da sabar da kake, za ka iya komawa wata, mabiyanka su biyo ka. Amma a sani, tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa biyo ka, suna nan inda ka bar su. Kuma yawancin sabar 'yan sa-kai ne ke riƙe da su da kuɗin gudummawa. Ranar da mai ita ya gaji, sai ya ba da sanarwa ya rufe.

Bluesky a cikin Twitter aka fara tunaninsa a 2019 zamanin Jack Dorsey, daga baya ya zama kamfani mai cin gashin kansa, ya buɗe wa kowa a Fabrairun 2024. Abu biyu nake so a ciki. Kana iya zaɓar algoridim ɗin da kake so, har akwai jerin da masu ilimin taurari suka haɗa wa kansu. Sannan kana iya mai da adireshin shafinka ya zama sunanka a can, wanda ya ƙara wa maganar Tsohon_Gizo nauyi.

Matsalar dukkansu ɗaya ce: mutanenka ba sa can. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter dala biliyan 44 a Oktoban 2022 an yi ta tururuwa zuwa Mastodon, da yawa kuma suka leƙa suka koma. Masana kimiyya da masu harkar manhaja za ka same su. Mai karatun da ke tambayarka ko tauraro mai wutsiya alamar wani abu ne, da wuya.

Mai_Kallon_Taurari ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malama Zinariya, maganar tocila ta shige ni, sai dai ni gaban kyamara harshena ɗaurewa yake yi. Wani aboki kuma ya ce in buɗe tasha a WhatsApp ko Telegram, tunda can duk wanda ya bi ka saƙonka na isa gare shi. Wannan fa?

Tsohon_Gizo ya sake amsawa:

Tasha ta fi inda kake ta fuska ɗaya, ba a tace maka. Amma ka lura, a tashar WhatsApp ba a nuna maka lambobin mabiyanka. Hakan alheri ne gare su, kai kuma yana nufin ba ka da hanyar nemo su in tashar ta tafi. Ka tuna ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan awa shida. Ka buɗe ta, amma a matsayin ƙofa ta biyu.

Ƙanwata Zinariya, na yarda da ke kan bincike, kuma shi ya sa ban ce ya dogara da Google ba, imel na ce. Amma kan bidiyo ina da tsoro mai dalili. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana kumbura alƙaluman matsakaicin lokacin da ake kallon bidiyo, domin ba ya lissafa kallon da bai kai daƙiƙa uku ba. A shekarun nan kafafen labarai da dama a Amurka sun rage marubuta sun ɗauki masu bidiyo. Farkon 2018 kuma aka sake juya lissafin, aka ce yanzu abin abokai da dangi za a fifita. Waɗanda suka sauya sana'a don faranta wa algoridim suka tashi a tutar babu. Wanda bidiyo ke cikin jininsa ya yi, zai ji daɗi. Wanda harshensa ke ɗaurewa gaban kyamara kuma, zai bar abin da ya iya ya koma yin abin da dubu suka fi shi.

Kuma na'urar da kika ce tana haɗiye bayani, gaskiya ne tana iya faɗin me ke kawo husufi. Abin da ba ta da shi shi ne mutumin da ya fita daren jiya ya duba, ya ce wa masu karatunsa gobe bayan faɗuwar rana ku kalli yamma, ga abin da za ku gani kusa da jinjirin wata, wanda bai gani ba ya dawo ya tambaye ni. Masu son wannan ba su da yawa, amma su ne ke buɗe imel. RSS ma da ake cewa ya mutu, yawancin shirye-shiryen podkas da kike saurara a kansa suke tafiya.

Malam, ga abin da zan yi in ni ne kai, tun kafin ka yanke shawarar komai. Shiga saitunan asusunka ka nemi a ba ka kwafin bayananka. Manyan shafukan duk suna da wannan, musamman tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018. In an ba ka zaɓi, ka karɓa a tsarin HTML don karantawa da kuma JSON don ranar da za ka so loda su wani wuri. Yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin su haɗa maka, kuma adireshin saukewar yana da wa'adi, don haka kar ka bar shi ya kwana biyu. Ka ajiye kwafi a kwamfuta, wani a faifan waje. In ka buɗe fayil ɗin ka duba da kyau ko hotunan da ka zana na kewayen wata sun fito da girmansu, don sau da yawa matsattsun ake bayarwa.

Zinariya ta amsa:

Ba sai fuskarsa ta fito ba ai. Hannu da tocila da murya sun wadatar. Malam, ka yi guda ɗaya ka kawo mana nan mu fara gani kafin ka saka ko'ina.