An soke nasarar doki bayan wata biyu, tikitina bai ci komai ba

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum. Na zuba dala 40 a kan wani doki a nan Amurka, ya zo na biyu. Bayan wata biyu aka gano haramtaccen magani a jinin wanda ya zo na ɗaya, aka mayar wa nawa nasarar, mai shi ya karɓi kyauta, ni kuwa aka ce abin da aka riga aka biya ba ya dawowa. Shin in ɗauki lauya?

Alhaji Mai Goro: Ɗana, caca haramun ce, ka ɗauka Allah ne ya tsare maka aljihu.

Baban Hafsat: Kai da sauƙi. A sukuwar Kentucky Derby ta 2019 na zuba dala 300, kuɗin haya ne, a kan wani doki mai suna Maximum Security. Ya zo na ɗaya, har na kira maiɗakina na yi mata albishir. Alƙalai suka shafe minti 22 suna duba faifan, sannan suka mayar da shi na 17 saboda ya tare wa wasu hanya, aka ba Country House da ya zo na biyu nasarar, duk wanda ya sa dala biyu a kansa ya tashi da dala 132.40. Mahayin, Luis Saez, dakatarwar kwana 15 aka yi masa, ni kuwa wata uku ina biyan bashi, kuma har yau maiɗakina ba ta daina yi mini gori ba.

Lissafi: Baban Hafsat, naka daban ne, domin an yanke hukunci kafin a biya kowa. Na Ɗan Damagaram ya fi kama da na dokin Medina Spirit, wanda ya ci Kentucky Derby a 2021 aka soke nasarar a Fabrairun 2022. An ci tarar mai horar da shi, Bob Baffert, dala 7,500, amma masu tikitin Mandaloun, dokin da aka mayar wa nasarar, ba a biya su ba. Lauyan da na tuntuɓa dala 250 yake karɓa a awa.

Baban Hafsat: Ni 400 aka ce mini. Wanda bai taɓa asarar kuɗin haya ba, bai kamata ya yi mana karatu ba.

Gwanin Barga: A kira dokin ya ba da shaida, tunda shi ya sha maganin.

Na Yamai: Ku aƙalla an yi muku bayani. Mu masu cacar sukuwa ta PMU a kan dawakin Faransa, wani mai rumfa ya ƙi karɓar tikitina saboda gumi ya goge lamba ɗaya. Akwai wanda hakan ta taɓa faruwa da shi?