Abin da ƴan uwa suka faɗa kan mitar awon ruwan boho

Na tattaro shawarwarin da aka ba wani a Marwa ta Kamaru da mitarsa ta awon pH (wato lambar da ke nuna tsamin ruwa) ke rikicewa.

1. Kowa ya yarda, saita ta da ruwan gwaji mai lamba 7 tukuna, sannan 4, kafin ka tsoma a ruwan boho.
2. Bakin gilashin mitar da ake tsomawa a ruwa kada ya bushe, kuma kar a ajiye shi cikin tataccen ruwa (distilled), irin wannan ruwan ke kashe shi.
3. Zafin Afrilu yana karkata lamba, a auna a inuwa, a jira lambar ta tsaya.

Inda aka rabu shi ne kan abin da ke rikita mitar, wasu sun ce batir ne, wasu sun ce laka ta toshe bakin. Ni dai na ga laka ta yi haka da idona, a wanke tukuna.