Limamin unguwa ko malamin dangin ango: wa zai ɗaura mana auren?

Ɗan Gezawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za mu aurar da zarar an gama yankan dawa, mahaifinmu kuma ya rasu. Baffa ya ce limamin unguwarmu ne zai ɗaura, shi ya raɗa mata suna, shi ya sallaci Baba. Su kuma dangin ango sun aiko cewa za su taho da malaminsu daga birni. Ina tsoron a fara surukuta da ɓacin rai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Malamin firamare, Ringim: Wa alaikumus salam. Ni 'ya'ya uku na aurar, ban taɓa ganin inda limamin baƙo ya jagoranci ɗaurin aure a ƙofar gidan mutane ba. Masu ba da 'ya su ke da tabarma, su ke da liman. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba liman ne ke ɗaura aure ba, waliyyi ne ke cewa na ba ka, wakilin ango ya ce na karɓa, a ambaci sadaki, shaidu su ji. Liman jagora ne. A Malikiyya ma kai da kake wanta kana gaba da Baffa a walicci, sai dai kunya ta sa ka wakilta shi, kuma haka ya fi kyau. Da na aurar da ta biyu, surukaina sun zo da wani shehi, sai muka bar masa addu'ar rufewa. Ya ja ta har rana ta ci mu, amma kowa ya tafi da fara'a.

Maman Biyu, Ɓaɓura: Ni dai shawarata ku zaɓi mai tambaya, ko da zai ba ku haushi. Aurena na biyu, an sa ranar Asabar, an jiƙa gero, an sayo goro da alawa, yayyena sun iso tun Alhamis. Ranar Juma'a da hantsi sai ga matar liman, tsohuwa mai sanda, ta shigo ɗakin Inna ta sa aka kira ni. Ta ce malam ya ce a nuna mata takardar saki. Na ciro ta daga ƙasan akwati, duk ta yi laushi. Sai ta rage murya ta ce, “'Yar nan, tsarki nawa kika gani tun daga ranar?” Ni wata uku nake ƙirgawa kamar yadda na ji ana faɗa, ashe ga mai al'ada tsarki uku ne, nawa kuwa yakan yi jinkiri. Da muka lissafa da yatsu, idda ba ta cika ba. Malam ya ce ko hakimi ne zai aure ni ba zai ɗaura ba. Kawu ya yi ta faɗa, har ya ce a nemo wani a ƙauyen gaba. Inna ce ta hana. Aka ɗaga mako biyu, geron aka yi kunu aka raba wa almajirai. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Yanzu 'yata ta fari tana aji shida, kuma duk ranar da ta tashi aure ƙofarsa zan tura.

Direban Wudil: Kada dai ku kai masallacin Juma'a in ba dole. Nawa a can aka ɗaura, mu bakwai a layi, ana sallamewa aka hau kira. Sanƙira ya haɗa sunana da amaryar wani, sai da yayana ya miƙe ya gyara. Har yau abokai na tambayata ina ɗaya matar.

Baban Sadiya, Sumaila: Namu rikicin na Izala da Ɗariƙa ne. Gidanmu 'yan Tijjaniyya ne, gidan ango kuwa ba sa son a ja Salatil Fatihi. Mai unguwa ya zaunar da dattawa tun ana saura mako, aka tsayar da cewa limaminmu zai yi komai yadda ya saba, wanda bai yarda ba ya yi shiru. Haka aka yi. Da an bari sai ranar, a gaban jama'a, da abin ya yi muni.

Ma'aikaciyar asibiti, Ɗambatta: Ku tuna da takardar gwaji. Tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano: ƙanjamau, ciwon hanta da jinin sikila duk suna ciki. Ƙanena ya raina abin, limamin garin amarya ya ce ba takarda ba Fatiha. A kan babur suka zo wurina ana gobe ɗaurin aure.

Ɗan Gezawa: Allah Ya saka da alheri. To, goron liman fa, nawa ake bayarwa?

Malamin firamare, Ringim: Ba a ciniki. Abin da ya sawwaƙa a ninke a sa masa a aljihu, a haɗa da goro da dabino. Ni na taɓa kai kwano biyu na gero da zakara. Wanda ya yanka maka farashi tun kafin ya tambayi sunan yarinya, ka gaishe shi ka wuce.

Ɗan Gezawa: Jiya bayan la'asar muka je wurin liman ni da Baffa. Kafin mu gama bayani ya tambaya ko an nemi yardar yarinyar, ya ce marainiya ba a yi mata dole, zai turo matarsa ta ji daga bakinta. Ya tambayi sadaki, lakadan ne ko ajalan, ya tambaya ko ta taɓa shan nono ɗaya da yaron, tunda uwarsa ta zauna a unguwarmu. Wannan ko a raina ban kawo ba, sai da na koma na tambayi Inna. Da muka kawo maganar malamin birni, dariya ya yi ya ce a shimfiɗa masa buzu kusa da nasa. Gwajin kuma ranar Litinin za su je.