Sikirif ɗina na dare yana rubuta "an gama" alhali bai yi komai ba, ga tes ɗin bashi na maimaita kansa

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar Linux.

Kawuna yana da shagon sarin magani nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, da reshe guda a Daura, ni ke kula mashi da kwamfutoci. A shagon Katsina akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Ubuntu, a kanta XAMPP yake, wato manhajar da ke ɗauke da MySQL, a ciki kuma rumbun bayanan kaya da na masu bashi. Na rubuta sikirif na bash, wato fayil ɗin jerin umarni, cron mai tayar da ayyuka a kan lokaci na tayar da shi ƙarfe 11 na dare. Aiki uku gare shi a jere: mysqldump ya zubo bayanai ta bututu (alamar |) zuwa gzip ya matse su, rsync ya tura fayil ɗin zuwa sabar da muke haya, sannan curl ya miƙa ma kamfanin tes lambobin masu kemis ɗin da bashinsu ya haura wata guda.

Abu biyu ke damuna. Na farko, kowace safiya in na buɗe kundin aikin sai in tarar da "an gama", amma da na leƙa sabar sai na ga wasu ranakun fayil ɗin ajiyar bayit 20 ne kacal. Ba kullum ba, jefi-jefi. Na biyu, saboda sabis ɗinmu da dare sai addu'a, na naɗe kowane umarni cikin until, in ya faɗi ya jira daƙiƙa 5 ya sake, har sai ya yi. To ranar Talata wani Alhaji mai kemis a Mashi ya kira Kawu da sassafe yana faɗa, wai wayarshi ta kwana tana ƙara da saƙo iri ɗaya, ko an ɗauke shi maci amana ne. Kawu ya ce in ban gyara ba a koma littafi da biro.

Mi ya kamata in yi? Sau nawa ake sake gwaji, kuma ya ake gane wanda ya faɗi da gaske?

Injiniya Rafindadi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara neman gafarar Alhajin nan, sannan mu zo kan sikirif.

Bayit 20 ɗin nan ya faɗa maka komai: girman abin da gzip ke fitarwa ke nan idan ba a ba shi ko harafi ɗaya ba. Wato mysqldump ya mutu, gzip ya matse babu, ya fita lafiya. Kowane shiri in ya ƙare yana barin lambar fita, 0 lafiya, duk wata lamba matsala. Amma a bututu, lambar da bash ke duba ta umarnin ƙarshe ce kawai, shi ya sa kundinka ke yi maka albishir ɗin ƙarya. Ka sa set -o pipefail a saman sikirif don faɗuwar kowane umarni a bututun ta fito fili, kuma layin farko ya zama #!/bin/bash, don cron da /bin/sh yake aiki in ba ka ce mashi komai ba, a Ubuntu kuwa wannan dash ne, ba bash ba. Sannan kada ka rubuta kai tsaye cikin sunan ƙarshe. Rubuta cikin fayil na wucin gadi, ka gwada shi da gzip -t, ka duba layinsa na ƙarshe ko akwai "Dump completed" da mysqldump ke sawa in ya kai ƙarshe, sai ka yi mv zuwa sunan gaskiya. Haka ko an ɗauke wuta a tsakiya, ajiyar jiya tana nan ba a taɓa ta ba.

Yanzu maganar sake gwaji, nan zan ɗan zauna, don tambayarka ta "sau nawa" ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: wannan aikin, in an yi shi sau biyu, akwai ɓarna? Ayyukanka uku ba hali ɗaya gare su ba, kai kuwa ka sa masu riga ɗaya.

rsync ba ruwansa. Tura fayil sau goma, fayil ɗaya ne a sabar. Wannan ka sake shi hankali kwance, ka ba shi --timeout=60 don kada ya maƙale yana jiran layin da ya riga ya mutu, da --partial-dir don guntun da ya wuce ya tsaya gefe a ci gaba daga kansa. Ka kula da lambobinsa: 30 lokaci ne ya ƙare, 12 da 10 galibi layi ne ya katse, 255 daga ssh take zuwa. Waɗannan a sake. 24 kuma na nufin wani fayil ya ɓace ana cikin tura shi, 23 wani ɓangare bai tafi ba, sau da yawa don izini. Ita 23 ko ka sake har asuba amsar ɗaya ce.

Haka 127, ba a ga umarnin ba, da 126, an gan shi amma ba a iya tayar da shi ba. until ɗinka bai san wannan bambancin ba. Ranar da wani ya canza kalmar sirri, zai yi ta juyi duk daƙiƙa 5 har gobe ƙarfe 11, cron ya tayar da na biyu a kansa, jibi na uku. Don haka abu uku: iyaka ga yawan gwaji, iyaka ga tsawon kowane gwaji, da kulle. Ni nakan yi gwaji shida, tazarar na ninkuwa: daƙiƙa 30, minti 1, 2, 4, 8, jimla minti 15 da rabi na jira, in ƙara 'yan daƙiƙu da RANDOM don kada shagon Katsina da na Daura su riƙa dukan sabar lokaci ɗaya. Kowane gwaji a cikin timeout 20m, wanda ke ba ka 124 in shi ya yanke aikin. A crontab kuma flock -n kafin sunan sikirif, in na jiya bai ƙare ba na yau ya haƙura.

Tes kuwa wani abu ne daban. Kamar ka aiki yaro da kuɗi wajen mai shago ne, magariba ta yi bai dawo ba. Rashin dawowarsa ba ya nufin kuɗin ba su isa ba, in ka sake aiken wani da wasu kuɗin ka biya sau biyu. Abin da ya samu Alhajin Mashi ke nan: buƙatarka ta isa, kamfanin ya aika tes, amsarsu ce ta maƙale a hanyar dawowa, curl ya fita da 28, until ya sake. Lambobin curl 6 da 7, wato ba a gano sunan sabar ba ko ba a haɗu da ita ba, waɗannan saƙon bai bar shago ba, a sake babu fargaba. Amma 28, 52 da 56 babu tabbas a cikinsu. Kuma kada ka ce --retry na curl zai fitar da kai, shi ma in lokaci ya ƙare sakewa yake yi, bai san tes ne a ciki ba.

Maganinsa tebur ne a rumbun bayanan. Kowane saƙo layi guda, da lambarsa ta kansa, misali lambar kwastoma haɗe da kwanan wata, da matsayi: yana jira, ana aikawa, an aika, babu tabbas. Kafin curl ya tashi ka mayar da shi "ana aikawa". In amsa mai kyau ta zo, "an aika". In 6 ko 7 ce, ya koma jira. In 28 ce ko 'yan'uwanta, "babu tabbas", kuma inji ba ya taɓa shi, mutum ne zai duba shafin kamfanin da safe. Ka kuma karanta takardun kamfanin ko suna karɓar lambar shaida daga wajenka su ƙi maimaici, irin yadda kamfanin biyan kuɗi na Stripe ke yi da Idempotency-Key. In suna yi, aikinka ya ragu sosai.

Ƙari ɗaya: curl ba tare da -f ba, ko sabar ta amsa da 500 ko 401, da 0 yake fita. Da -f zai ba ka 22. Gara ma ka karɓi lambar HTTP ɗin kanta da -w ka yanke hukunci: 429 da 503 a dakata a sake, 400 da 401 a tsaya a kira mutum.

Maman Walid Daura:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ni ban ga dalilin da yaron nan zai zauna yana saƙa madauki da hannu ba alhali systemd, mai tayar da ayyuka da kula da su a Ubuntu, na zaune a kwamfutar. Ɗana, ka raba sikirif ɗin gida uku, kowane da nasa fayil ɗin sabis, wato fayil ɗin da ke faɗa wa systemd yadda zai tafiyar da aikin. Na ajiya ka sa masa Restart=on-failure da RestartSec=5min, Ubuntu 20.04 zuwa sama suna yarda da wannan ko a kan Type=oneshot. Sai dai ka kiyayi tarko guda: iyakar da systemd ke zuwa da ita gwaji 5 ne cikin daƙiƙa 10, in tazararka minti 5 ce ba za ka taɓa cika ta ba, zai yi ta sakewa har abada. Ka sa StartLimitIntervalSec=2h da StartLimitBurst=5 a sashen Unit. Kurakuran da sakewa ba ta gyara su, sikirif ɗinka ya fita da lamba ta musamman, ni 78 nake amfani da ita tunda a sysexits.h ita ce ta kuskuren saiti, ka rubuta ta a RestartPreventExitStatus.

Abin da ya fi wannan duka a wajenmu shi ne Persistent=true a fayil ɗin timer, wanda ke maye gurbin cron a systemd. cron in ƙarfe 11 ta buga kwamfuta na kashe, aikin ranar ya tafi ke nan, ba ya waiwaye. Timer kuwa yana tunawa, wuta na dawowa zai biya bashin.

Kuma ku riƙa tuna 2021. Daga watan Satumba aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, su Jibiya, Batsari, Safana, Dutsin-ma har Funtuwa, abin ya ɗauki watanni. Lokacin muna karɓar bayanai daga wani wuri a Dutsin-ma, ba ninka tazarar da ta isa ta yi maganin wannan. Abin da ya cece mu shi ne komai ana fara ajiye shi a gida cikin jerin jira, turawa aiki ne daban, duk ranar da aka samu layi ko aka kawo filashi a mota sai ya wuce. Ka sa rsync ya tura folda ɗin ajiyar gaba ɗaya, ba na daren yau kaɗai ba, na ranakun da suka maƙale za su bi shi da kansu.

Sannan tsakani da Allah, wa ke tuna wa mutum bashi ƙarfe 11 na dare? Ko sau ɗaya saƙon ya shiga, bai dace ba. Mayar da shi goma na safe, ran Juma'a kuma a bar mutane.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode Injiniya, na gode Mama, an mayar da tes goma na safe tun jiya, Kawu ma ya ce dama abin na ranshi.

Na sa pipefail na kuma tura kurakurai cikin kundi da 2>&1, sai ga asirin ya tonu. mysqldump na fita da 2, saƙon kuma 2002, ba a iya haɗuwa da MySQL ba. Ranakun da batirin inbata ya ƙare da yamma kwamfutar ta mutu ta tashi, XAMPP ba ya tashi da kanshi, sai yaron shago ya kunna shi da safe. Ranakun ne na bayit 20. Ashe ko da until ya sake gwada wannan ma ba abin da zai canza, ba kowa a gidan ake ta sallama. Yanzu na yi mashi fayil ɗin sabis yana tashi tare da kwamfuta, na ajiya kuma na sa mashi After da Requires a kanshi.

Tebur ɗin matsayi na fara shi. Tambayar da ta rage: in duk gwaji ya ƙare bai yi ba, ya zan sani? Na yi tunanin sikirif ɗin ya turo mani tes, amma in sabis ne babu, da mi zai turo?

Injiniya Rafindadi:

Ka juya abin. Kwamfutar da ta mutu ko ta rasa layi ba za ta iya kai ƙarar kanta ba, don haka wani daga waje ne zai lura da shirunta. Layin ƙarshe na sikirif, bayan mv da rsync duk sun fita da 0, ya taɓa wani adireshi da curl. Healthchecks.io na yin wannan: ka ce masa kana sa ran taɓawa sau ɗaya a rana, ka ba shi rangwamen awa goma sha biyu saboda halin wutarmu, in shiru ya wuce haka shi zai neme ka ta imel ko Telegram. In ba ka son dogaro da kowa, sabar da kuke haya ta isa: ɗan cron a can ƙarfe 9 na safe ya duba da find ko akwai fayil ɗin da bai wuce awa 24 ba kuma ya haura, a ce, kilobayit 100, in babu ya sanar da kai. Wannan taɓawar ita kam ka ba ta --retry 5, maimaita ta ba ya tayar da kowa daga barci.

Hajiya, na yarda da timer ɗinki, amma ga na tes kada ya sa Restart ko kaɗan sai tebur ɗin matsayi ya kammala, in ba haka ba systemd zai yi abin da until ya yi, tazara ce kawai za ta bambanta. Kuma Persistent a kan na tes yana nufin in wuta ta dawo ƙarfe 2 na dare saƙonni su fita ƙarfe 2 na dare, don haka sikirif ɗin ya fara duba agogo, in ba tsakanin 9 na safe da 5 na yamma ba ne ya fita da 0 ya bar su a jira. Ƙanena, ranar Asabar in shago ya lafa, ɗauko ajiyar daren Juma'a daga sabar ka loda ta a kwamfutar Daura, ka gwada jimlar bashin da ke ciki da wadda Kawu ke gani a Katsina.